Igiyar da Na Ɓoye a Kogi

Ƙarar ta fara ne bayan na kwanta. Ba kukan kada ba ne, na san kukan kada. Ta fi kama da nishin saniyar da aka danne wa wuya, sai dai daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Ta ja tsayi, ta yi shiru, ta sake. Ina kwance a tabarma ina sauraro, ina ba ta sunaye. Na ce ko wani ƙaton kifi ne ke gurza bayansa a jikin saiwa. Na ce ko kogin ne ya gaji da yaren da yake yi tun kakanninmu, ya koma wani. Haka nake tun ina yaro: abu in ya zo mini baƙo, sai in zauna ina sha'awarsa maimakon in tashi in duba. Sai da zakaran maƙwabciyata Misilin Nona ya yi cara sannan na gane abin da kowane mai fito zai gane tun nishin farko. Turke ne ke motsi a cikin laka. Ni kuma na kafa shi.

Kwana uku ana ruwa a kan tuddai. Mu nan ƙasa ko ɗigo ba mu gani ba, amma kogi ya kawo mana labarin, ya yi ja, ya cika, yana ɗauke da ganye da ɓawon kwakwa. Safiyar nan kuwa ita ce ranar da za a mai da ƙanena Siyadoris cikakken hamuduru, wato malamin haikali mai gudun duniya, ya shiga sahun masu rawayen mayafi da ƙafa biyu.

Shekara talatin Siyadoris ya yi yana ɓare bawon kirfa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka tafi birni, sannan zuciyarsa ta kumbura, ƙafafunsa suka bi ta. Likita ya gaya masa a fili cewa ba zai ga girbi biyu ba. Sai ya aske kansa ya ɗauki ƙaramin mayafi a haikalin garinmu. Amma ƙaramin mayafi bakin ƙofa ne kawai. Shiga ciki sau ɗaya ake yi a shekara, a tsakiyar kogi, sai manya aƙalla goma sun taru daga haikalai masu nisa. Kwana uku bayan haka su shiga zaman damina, wata uku ba mai kwana a waje. Wanda ya rasa ranar sai baɗi. Siyadoris ba shi da baɗi. Ya ce mini shi dai ba ya son ya mutu a bakin ƙofa.

Aikina a wannan rana shi ne dandamali. Nakan haɗa manyan kwale-kwale biyu, in shimfiɗa katako a kansu, in yi rumfar ganyen kwakwa, in ɗaure shi a turaku huɗu da muka kafa a ƙasan kogi, biyu ta sama, biyu ta ƙasa. Doka biyu ce a kansa, kowa a garinmu ya san su. Ta farko, kada ya gusa yayin da ake karatun. Ta biyu, kada komai ya haɗa shi da tudu: ba igiya, ba katako, ba reshen itacen da ya tsiro a gaɓa, ko da siririn yaɗo ne. In ya haɗu da tudu, iyakar ruwa ta gauraya da ta gari, duk abin da aka karanta iska ce. Mutum zai tashi ana durƙusa masa, ana zuba masa shinkafa, ana ce masa hamuduru, alhali bai zama ba.

Ni ma na taɓa zama a haikali, shekara biyu, ina ɗan sha ɗaya. Babanmu ya mutu, na koma riƙon filafili. Karatun bai zauna mini ba, amma wasu kalmomi na tsofaffin harsunan addininmu biyu da ake rubutawa a ganyen giginya sun maƙale mini kamar ƙayar kifi. Babban Hamuduru na garinmu, wanda a lokacin saurayi ne, shi ya riƙa ɓare mini su kamar gyaɗa. Ya ce *ganga*, sunan da muke kiran kowane babban kogi, asalinsa mai tafiya ne, tafi-tafi ba tsayawa. Ya ce dutse da itace sunansu ɗaya, *naga*, wanda ba ya tafiya. Wadda ta fi hana ni barci ita ce *jagat*. Duniya ke nan, ita ma wai ma'anarta mai tafiya. Na yi mako ina taka ƙasa a hankali, ina jira in ji ta zame. Sai *cala*, abin da ke motsi, da *acala*, abin da ya tsaya cak. Sai *anicca*, wadda suke faɗa a kan kowace gawa, cewa ba abin da ke zama yadda yake.

Wata rana, na riga na yi furfura, ina tsallakar da shi, na tambaye shi.

"Hamuduruwo, kogi mai tafiya ne, duniya mai tafiya ce, mu ma kun ce ba ma zama. To me ya sa dandamalin nan shi kaɗai kuke so ya tsaya?"

"Saboda jirgin da ke tafiya ba ya wuri ɗaya, Andiris. A fara tambaya a gaban gidanka, a ƙare ta a gaban gidan wani, wa aka tambaya, a ina?"

"To a ɗaure shi a itace mana. Itace ai ba ya tafiya."

"Itacen na gari ne." Ya tofar da jan yawun bulat, ganyen da muke taunawa kamar goro, a ruwa. "Kai dai tuƙa, kana kai mu bakin teku."

Gari na fara wayewa na sauka gaɓa na tura ƙaramin jirgina. Turakun sama biyu duk sun sunkuya. Na kama na hagu, ya girgiza a hannuna kamar haƙorin tsoho. Kafa sabon turke aikin mutum shida ne, a ruwan da ya kwanta, yini guda. Manyan baƙi kuwa sun kwana a haikali, da hantsi za su sauko.

Na zauna a jirgi ina kallon itacen kumbuk da ke gaɓarmu, wanda saiwoyinsa suka shiga ruwa kamar yatsun ƙafa. Ina da doguwar igiyar zaren kwakwa, sabuwa, gaba ashirin. Na san dokar, ban manta ta ba ko na numfashi ɗaya. Amma na ga tsofaffi goma sha biyu, rabinsu ba su iya iyo ba, da ƙanena mai kumburarrun ƙafafu, suna tafiya teku a kan katakon da na haɗa. Na kuma ga ɗaya hanyar: in je in ce dandamali ba zai riƙe ba, a ɗage, baƙi su koma.

Na nutse. Na ɗaura kai ɗaya a ƙarƙashin kwale-kwalen hagu, na jawo ɗayan zuwa saiwar kumbuk, can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa sai an nutse. Na rataya tsofaffin tubala uku a tsakiya don igiyar ta kwanta. Ruwan ja ne, ko tafin hannunka ba ka gani. Ina ɗaurawa ina gaya wa kaina cewa saiwar nan ai a cikin kogi take. Na san itacen ba a kogi ya tsiro ba.

Ina fitowa na tarar da Misilin Nona a gaɓa da tulu a kwankwaso. Aiya take ce mini, wato yaya.

"Andiris aiya, wanka da sassafe haka? Wace ce ta yi maka alkawari a tsallake?"

"Ke nake jira ki zama bazawara, Misilin."

"Mijina Karolis zai ci shinkafar mutuwarka tukuna, ya nemi ƙari." Ta dubi kogin, dariyar ta tafi. "Ruwan nan fa bai yi mini ba. Abin naka zai riƙe?"

"Shekara nawa ina haɗa shi?"

"Ban tambaye ka shekara ba."

Ta cika tulunta ta tafi, tana waiwayen zanena da ke ɗiga.

Da hantsi aka sauko da ganguna da fararen lemomi. A keken shanu aka kawo Siyadoris, don ba ya iya doguwar tafiya. Na durƙusa a gabansa kamar yadda ya wajaba tun ranar da ya ɗauki mayafi, ko da yake ni na goya shi yana yaro.

"Aiya," ya ce a hankali, "ruwan ya yi ja."

"Ruwa ne, Hamuduruwo, aikinsa ke nan."

"Bar hamuduruwon nan, ba mai jin mu. Zai riƙe?"

"Zai riƙe."

"Ka amsa da sauri."

"Kai ma ka tambaya da sauri. Kawo hannu."

Na ɗauke shi kamar buhun shinkafa na sa a jirgi. Nauyin duk a ƙafafu yake, sama ba komai.

Sawu biyar na yi kafin na kwashe su: manya goma sha biyu, da masu neman shiga huɗu, samari uku da Siyadoris. A cikin baƙin akwai wani dogo siriri daga wani haikali na bakin teku, wanda a bayan idonsa ake ce masa Mai Sanda. Shi ne ya fi kowa sanin dokoki, shi zai yi karatun. An ce ya taɓa sa a rushe biki guda saboda reshen gora ɗaya da ya sunkuyo ya taɓa rumfa. Da kowa ya zauna, sai ya ɗauki sandarsa ya fara zagaya bakin dandamali yana tsoma ta a ruwa, taki ɗaya, tsomi ɗaya. Ya ɗago wata ciyawa, ya dube ta, ya jefar. Ya iso kwale-kwalen hagu. Na ga sandar ta shiga, na san igiyata na ƙasa da bakinta da kamar taƙi ɗaya. Ya juya ta hagu da dama. Ya wuce.

Sannan ya dube ni, ina tsugune a jirgina a gefe.

"Mai fito."

"Hamuduruwo."

"Akwai abin da ya haɗa mu da tudu?"

"Babu, Hamuduruwo."

Ya gyaɗa kai. Wani daga cikinsu ya kamfaci ruwa da hannu ya watsa gabas, yamma, kudu, arewa, iya ƙarfinsa. Inda ruwan ya faɗi nan ne iyaka. Aka ce in fita daga cikinta. Na tuƙa na koma gaɓa, na tsaya cikin jama'a, ƙarƙashin kumbuk, ƙafata a kan saiwar da na ɗaure.

Siyadoris ne na ƙarshe, don samarin sun riga shi ɗaukar ƙaramin mayafi. Muryar Mai Sanda na zuwa mana ta kan ruwa, siririya, ba ta rawa. Yakan gabatar da mutum, ya tambayi taron sau uku ko sun yarda. Ba a amsawa. Shirun ne yarda. Aka gama da na farko, ganga ta buga, mata suka ɗaga hannu sama da goshi. Uwar yaron tana kuka a kusa da ni, tana cewa yau ta haifi hamuduru. Na kalli yatsun ƙafata.

Ana tsakiyar na biyu sai ga kututturen ayaba, da ganyensa da komai, ya gangaro. Ya zo tsakanin dandamali da gaɓa ya tsaya. Duk abin da ke kogin na wucewa, shi kaɗai ya tsaya, ruwa na taruwa a bayansa yana kumfa.

"Ayabar can me ya riƙe ta?" in ji Misilin.

"Yashi ne," na ce.

"Yashi? A wurin da ɓaunar Karolis ta nutse bara har ƙaho?"

Mutum biyu uku suka juya. Wani ya ce ko gungume ne a ƙasa. Misilin ba ta ƙara kallon ayabar ba. Ta kalli kumbuk, ta kalli dandamali, ta ja layi da ido tsakaninsu. Ta matso har ina jin warin man kwakwar gashinta.

"Aiya," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "da safen nan ba wanka ka yi ba."

Na ci gaba da kallon ayabar.

"Ni ba zan faɗa ba. Ba ƙanena ba ne." Ta gyara tsayuwa. "Amma ni zan riƙa kai masa shinkafa kowace Laraba, ina durƙusa masa. Ka gaya mini wa zan durƙusa wa."

Na hango shi can ƙarshen tabarma, shi kaɗai, ya dafa katako da hannu biyu don kada ya kife. Yana jiran a kira sunansa. Zai zauna a tsugune, zai amsa duk tambayoyin da ya yi wata bakwai yana haddacewa da numfashi rabi-rabi, zai tashi da murna, ya mutu da murna, a bakin ƙofar da yake tsammani ya wuce. Ni kaɗai zan sani, ni da Misilin.

Na cire wuƙata daga ƙugu na shiga ruwa. Gaskiya ban san abin da zan yi ba. Da na so, in yi iyo in ture ayabar ta wuce, magana ta mutu. Na nutse na laluba saiwar, hannuna ya sami igiyar. Ta miƙe kamar tsarkiyar baka, tana rawa, tana wani zuzu da nake ji har haƙorana. Duk nauyin dandamalin a kanta yake, turakun sun daina aiki tun ɗazu. Na riƙe ta har ƙirjina ya fara zafi. Sannan na sa wuƙa.

Ko rabi ban yanka ba ta tsinke da kanta, ta fyaɗe ni a hannu.

Da na ɗago kai, nishin nan na jiya ne ya tare ni, amma yanzu a fili, kowa na ji. Turken hagu ya fito daga laka ya kwanta. Dandamali ya juya kamar ƙofa, tsofaffi suka zube a kan juna, wata lema ta faɗa ruwa ta tafi. Ganga ta tsaya. Mata suka sa ihu. Ya juya, ya juya, sai igiyoyin sauran turakun suka miƙe, ya tsaya a karkace yana karkarwa. Turken dama ya sunkuya har ruwa na bin kansa.

Na haye jirgina na tuƙa kamar ba ni ne mai shekara sittin da biyar ba. Na kama bakin katako.

"Hamuduruwo, akwai igiya. Daga ƙasan kwale-kwalen nan zuwa kumbuk. Ni na ɗaura da asuba. Yanzu na yanke ta."

Mai Sanda yana gyara mayafinsa da ya zame. Bai ɗaga murya ba.

"Na tambaye ka."

"Kun tambaye ni."

"Ka ce babu."

"Na ce."

Ban kalli Siyadoris ba. Mai Sanda ya juya ga taron ya ce biyun farko sun ɓaci, sai an sake daga tushe. Wani mai ƙiba da ya rungume ginshiƙin rumfa ya ce wane sakewa, a kwashe su tukuna, a bari ruwa ya sauka. Wani ya ce ruwan nan ba zai sauka kafin zaman damina ba. Na farkon ya ce to baɗi ma shekara ce. Sai kowa ya tuna wanda ke zaune a ƙarshen tabarma.

Babban Hamuduru, wanda yanzu ido ya kusa barinsa, ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Andiris, za ka iya tsayar da mu ba da hannun tudu ba?"

"Da nauyi, Hamuduruwo. In na sami duwatsu na jefa ta sama."

"Doka ta yarda?" ya tambayi Mai Sanda.

"Dutsen da ke ƙasan kogi na kogi ne."

"To ina dutse a ƙasar nan taku ta laka?" in ji mai ƙiba.

Gaskiyarsa. A garinmu sai ka yi tafiyar yini ba ka ga dutsen da ya fi ƙwai ba. Amma kowane gida akwai guda ɗaya, wanda uwa ke ba 'yarta ranar aure. Na miƙe a jirgi na kwaɗa wa gaɓa kira.

"Misilin, dutsen niƙa! Naki da na kowa!"

Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan ta tattare zani ta juya, tana nuna mata da yatsa ɗaya ɗaya, tana kiran mazajensu da sunayen da ba a faɗa a ranar ibada.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na san rana na hawa, kuma hamuduru ba ya cin abinci in ta wuce tsaka. Na san turken dama na nishi. Na zauna riƙe da bakin katako, ba abin da zan iya yi, sai na ji muryar ƙanena a saman kaina.

"Aiya."

"Na'am."

"Ƙafata ta mutu. Miƙo hannu ka ja mini ita."

Na miƙa hannu na jawo ƙafar, sanyi ƙalau, yatsana ya bar rami a jikinta. Leɓensa ya yi launin toka.

"Da ka bar ta, da ban sani ba," ya ce.

"Da ba ka sani ba."

"Tun muna yara ba ka iya ɓoye abu ya kwana ba. Ko mangwaron sata sai ka kai wa Inna rabi." Ya ja numfashi. "Je ka, ga su can."

Duwatsu bakwai aka kawo, wasu da jan barkono a jikinsu. Karolis ya shigo jirgina yana gunaguni cewa yau matarsa ta ba kogi abin da ko shi ba a bari ya taɓa. Muka ɗaure su biyu biyu, na ƙarshe uku, da igiyar da na jawo daga ƙarƙashin kwale-kwale da wasu da aka kwance daga wuyan shanu. Muka tuƙa sama da dandamali, ruwa na neman shiga jirgin saboda nauyi, muka jefa na farko. Igiya ta gudu, ta miƙe, ta ja, dutse ya biyo. Muka jefa na biyu can hagu. Shi ma ya ɗan biyo, sannan ya ciji laka. Na uku muka kai tsakiya. Da muka sake shi, karkarwar da ke cikin katakon ta kwanta kamar zazzaɓin da ya sauka.

Mai Sanda bai yarda da bakin kowa ba kuma. Ya sake zagayawa, wannan karon ya sa Karolis ya nutse ya shafa ƙasan kwale-kwalen biyu daga kai zuwa gindi. Sannan ya soke sandarsa a tsagar katako, a tsaye, ya koma baya ya rufe ido ɗaya, ya daidaita ta da wata bishiyar kwakwa da ke tsallake. Ya tsaya haka yana ƙirga numfashi. Ba mai tari.

"*Acala*," ya ce.

Babban Hamuduru ya ɗan juyo wajena, kamar yana tambaya ko na tuna. Na tuna.

"A fara da marar lafiyan nan," in ji Mai Sanda.

Samarin uku suka kalli juna. Wanda aka fara da shi, ko da minti ɗaya ne, shi ne babba har mutuwa, sauran su durƙusa masa. Yaron da ɗazu uwarsa ke kuka ya tashi ya kama Siyadoris ta hammata ya kawo shi gaba.

Aka sake watsa ruwa kusurwa huɗu. Na sauke Karolis a gaɓa, amma ni na kasa tsayawa a tudu. Na koma na tsaya ta ƙasa, bayan iyaka kaɗan, ina riƙe jirgin da filafili kawai, don ba sauran dutse ba sauran igiya. Daga nan ina ganin sandar, ina ganin kwakwar a bayanta, sun hau juna kamar abu ɗaya.

Aka yi masa tambayoyin. Ban ji amsoshinsa ba, na dai ga kansa na sunkuyawa. Sai Mai Sanda ya ɗaga mafici gaban fuskarsa ya fara. Ya tambayi taron karo na farko. Shiru. Sanda na kan kwakwa. Karo na biyu. Shiru. Kafaɗuna na ci da wuta, jini daga hannuna na sa filafilin santsi. Ya shiga na uku, wani tudun ruwa ya gangaro ya ɗaga dandamali ya ajiye, ya zo ya ɗaga ni. A nan na ga haske tsakanin sandar da kwakwar. Faɗin yatsa ɗaya, ko biyu. Amma jirgina ma ya ɗaga a lokacin, iska ma na kaɗa kwakwar, gumi ma na idona. Na share ido da kafaɗa, na buga filafili na dawo inda nake zato nake. Suna kan juna.

Mai Sanda ya kai ƙarshe. Ba wanda ya yi magana. Ya sauke mafici, ya dubi agogo, ya faɗi sa'a da minti don a rubuta. Ganga ta buga.

Aka yi sauran ukun da sauri sauri. Na kwashe su, inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa, mata na ta zuba shinkafa da miyar kifi a ganyen ayaba tun kafin su zauna. Da Mai Sanda zai sauka daga jirgina ya ce, ba tare da ya dube ni ba, baɗi turke shida. Na ce to, Hamuduruwo.

Bayan sun ci, na je na durƙusa a gaban ƙanena, goshina a ƙasa. An jingina shi da gindin kumbuk, an sa masa matashi. Ya karanta mini albarkar da ake karanta wa kowa, kalma kalma, yana hutawa a tsakani. Fuskarsa ta saki, rabon da in gan ta haka tun matarsa na da rai. Da ya gama ya ce a hankali in je a ɗaure mini hannu, ina ɓata masa tabarma.

Na koma gefe na zauna. Karolis na yaga tsumma yana naɗa mini. Misilin ta zo da butar ruwa don wanke hannun baƙi, ta zuba wa Siyadoris, ta durƙusa masa sosai, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta tashi ta tsaya a kanmu, tana kallon dandamalin da ya rage shi kaɗai a tsakiyar jan ruwa. Karolis ya tsaya da naɗin. Ƙanena na goge yatsunsa ɗaya ɗaya, ba nisa.

"Andiris aiya," ta ce, "kai ne kusa. A karatu na uku ɗin nan, ni daga nan sai na ga kamar ya ɗan gusa. Ya gusa, ko idona ne?"